Bindigogi Uku a Kan Buzu

Daren Talata dorina ta hau tudu.
Da asuba na tarar da shinkafata kwance
kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi,
kowane sawu ya isa ya haɗiye ƙwarya.
Buhu goma sha biyu nake sa rai.
Na daɗe tsaye ina ƙirga abin da babu.

Sai na ƙulle kuɗin awaki biyu a lalita,
na bi kwalekwale zuwa Yelwa,
gidan Kakale, tsohon maharbi
wanda ido ya fara yi wa gardama,
yana rabuwa da kayan aikinsa ɗaya-ɗaya
kamar mai zubar da haƙora.

Uku ya jera mini a kan buzu.

Ta farko adaka ce, ƙirar maƙeran gida.
Ka ɗura albarushi, ka daka, ka yi addu'a.
Ya ce, wannan sau ɗaya take magana,
kafin ta sake buɗe baki
mai bin ka ya riga ya iso.

Ta biyu siririya, sai sheƙi.
Ta zabi ce, in ji shi.
A fatar dorina, cizon sauro.

Ta ukun ita ta tsayar mini da numfashi.
Baki ne da babban yatsana ya shige ciki,
a ƙarƙashinta wani hannun ƙarfe
kamar mariƙin buta:
ka ja ƙasa, ka mayar sama, ƙwas-ƙwas,
ta tofar da kwanso, ta haɗiyi sabon harsashi.
Ƙotarta ta tsage, an naɗe da ɗanyar fata,
nauyinta ya kai taɓarya biyu.
Muka fita bayan gari, na auna kututturen giginya.
Ƙarar ta tashi balbelu har tsallaken kogi,
ta hankaɗe ni na zauna da gindi.
Kakale ya yi dariya har da tari.

Na taya. Ya ce albarka.
Na ƙara. Ya ce albarka.
Sannan ya ce, bar batun kuɗinta, Nomau,
sayen doki ba wuya, harawa ce aiki.
Harsashi guda, kwano huɗu na shinkafa,
kuma sai ka aika Birnin Kebbi.
Ga takardar izini, ga hoto, ga sa hannun hakimi,
ga malaman daji da za su zo da littafi
ranar da ka kayar da ita.

Ya yi shiru yana shafa fatar ƙotar.
Kashe ta kake so, ko korarta?

Ban shirya wa tambayar ba.

Ya ce, na taɓa kayar da ɗaya, ina saurayi,
gari ya ci nama kwana uku.
Kwana ukun nan ɗanta yana bin jirgina,
hanci kawai a saman ruwa.
Ban ƙara gaya wa kowa ba sai kai.

Adakar na ɗauka.
Canjin ya saya mini iri da tocila,
har da tsiren da na kai wa Tumba.

Yanzu ina kwana a kan rumfa a bakin fadama.
Albarushi da tsumma nake ɗurawa, ba dalma.
In na ji fuka da fantsamar ruwa
sai in ɗaga baki sama, in bar ta ta yi tsawa.
Wani daren dorinar ta juya.
Wani daren ta tsaya tana tauna,
tana dubana kamar ta san cinikin da na yi.

Kafaɗata ta yi mako biyu tana tsami.
Har yau in na taɓa wurin
ina jin ƙwas-ƙwas ɗin nan a kunnena,
in ce, da kaka ta yi kyau…
sai in tuna hancin nan a saman ruwa,
in gyara kwanciya.